Umma ta ƙi komawa gashi, wai ɗaga ƙafa ba magani ba ne

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema akan mahaifiyarmu. Shekarunta 59, tana da jiki gaskiya kuma tana shan maganin hawan jini. Yau kusan shekara uku kenan tana fama da gwiwa, ta dama tafi tsanani, in ta zauna a tabarma sai an kamata take tashi, sallah ma yanzu a kujera take yi. Mun kaita asibiti akayi hoto likita yace amosanin gaɓa ne guringuntsin ya cinye, ya turamu gashi. Sau uku mukaje tace ita bazata koma ba, wai kuɗin adaidaita kawai muke ƙonawa, a kunna mata fitila minti goma sannan ace ta ɗaga ƙafa ta sauke, in ɗaga ƙafa ne ai a gida ma ta iya. Yanzu haɗin kemis take sha kullum, Yayanmu yace a daina wahalar da ita a nemo mai yi mata allura a gwiwar, wata maƙociyarmu kuma ta kawo maganar ƙaho. Mu dai mun hanata komai, ko ruwan alwala ni nake kai mata har gado. Ga shi Yaya ya biya mata kujerar hajji saura wata bakwai a tashi, tsorona kar taje ta kasa ɗawafi. Ya zanyi?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya saka muku da alheri ke da Yayanki, ya sa a je a dawo lafiya.

Zan fara da abin da ba za ki so ji ba, don shi ya fi tsaya min a rai a duk saƙonki, ba allurar ba, ba ƙahon ba, wannan ruwan alwalar da kike kai mata har gado. Ki daina. Na san don Allah kike yi, kuma na san yadda zuciya take in mutum ya ga mahaifiyarsa tana cije leɓe kafin ta miƙe, amma wallahi a irin wannan ciwon hutun da kuka ɗora mata shi yake ƙara cin ƙafar. In kina so gani ya kori ji, ki ari tef ɗin tela ki auna cinyarta ta dama kamar faɗin tafin hannu sama da ƙoƙon gwiwa, sannan ki auna ta hagu a daidai wurin. Sau da yawa mai ciwon ta fi sirancewa, in ma awon bai nuna ba saboda jiki, ki ce ta miƙe ƙafar ta ɗaure cinyar ki taɓa, za ki ji ɗaya ta yi tauri ɗayar kuma tuɓus. Wannan naman na gaban cinya shi ne mai gadin gwiwa, shi yake tare nauyi kafin ya sauka a kan ƙashi duk taku ɗaya. To gwiwa ta yi ciwo sai mutum ya rage tafiya, ya rage tafiya naman ya saki, naman ya saki nauyi ya dinga dukan gaɓar kai tsaye ciwo ya ƙaru, ciwo ya ƙaru ’ya’ya su ce Umma kwanta ki huta, haka ake ta zagaye har a wayi gari matar da take zuwa biki da suna da ƙafarta ta koma ko banɗaki sai an riƙe ta.

Nasan a gida kuna cewa man gwiwarta ne ya ƙare, kowa haka yake faɗa. Ba mai ne a galan ba da zai ƙare a sake zubawa. Abin da yake faruwa shi ne, ƙarshen ƙashin cinya da na ƙwauri da bayan ƙoƙon gwiwa duk a lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, irin wanda kike gani fari a kan ƙashin ƙafar saniya in an yi ganda ko farfesu. Da shekaru da nauyin jiki da gado da tsohon rauni sai ya dinga sirancewa, gefen ƙashin ya fito da ’yan tsiro, wani lokacin ruwa ya taru gwiwar ta kumbura. Kuma shi guringuntsin nan ba shi da jijiyar jini, abincinsa daga ruwan gaɓa yake tsotsa kamar soso, a matse shi a sake shi, wato sai an motsa yake ci. Kinga ke nan mai kwanciya ta hana shi abinci. Ba Umma kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne suke da wannan ciwon, miliyan 365 a gwiwa ne, kuma mata sun fi yawa. Hoton ma kar ya tsorata ku, aikina ke nan kullum a sashen gashi, ina ganin hoton da in kin kalla za ki ce mai shi a keke za a turo shi sai ga tsoho ya shigo da ƙafarsa yana tsokanar ma’aikata, ina kuma ganin hoto mai kyau mai shi yana kuka. Mutum ake yi wa magani ba hoto ba.

Yanzu maganar gashi. Ni dai sunan nan da Hausawa suka sa mana ya cuce mu. Tunda aka ce “gashi” kowa zai zo da tunanin za a gasa masa ƙafa ya tafi gida ya warke, sai ya ɗauki fitilar nan mai jan haske da injin da yake tsikarar fata a matsayin su ne maganin, ɗaga ƙafar kuma ɓata lokaci. Alhali a juye abin yake. Fitila tana sa a ji daɗi na ’yan awanni, ba ta ƙara wa cinya ƙarfi ko na sisi. A Ingila ma ƙa’idar da suka fitar a 2022 kan wannan ciwon motsa jiki da rage nauyi ta sa a gaba, injinan lantarkin nan cewa ta yi kar a dogara da su don babu gamsasshiyar hujja. Saboda haka Umma ta yi gaskiya da ta ce in ɗaga ƙafa ne a gida ma ta iya. Tambayata ɗaya ce, tana yi? Nasan amsar. Kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai, wani lokacin mu ma’aikata layi ya yi mana yawa sai mu ce “Mama ɗaga, sauke” ba mu tsaya mun faɗa mata dalili ba, babba kuma ba a sa shi abu kamar yaro.

Abin da za ku yi, ku koma sau ɗaya ke da ita, ki gaya wa likitan fisiyo, wato mai gashin, gaskiya cewa zuwa sau biyu ko uku a sati ya fi ƙarfinku, ya duba ta sosai ya tsara mata abin da za ta dinga yi a gida, ke ki ɗauka a bidiyo da wayarki in ya yarda, sai ku dinga komawa duk sati biyu ko uku yana ƙara mata. In kuma gida za ku kira wani, ku tabbatar yana da rajista da hukumar MRTB mai ba masu wannan aikin lasisi a Najeriya, don yanzu duk wanda ya sayi injin tausa a kasuwa ya zama likitan ƙashi.

Kafin ku je ga abin da kusan kowa muke fara masa da shi. Tana kwance ko zaune a kan gado ƙafa a miƙe, ki naɗe tawul ki sa a ƙarƙashin gwiwar, ta danne shi da bayan gwiwa kamar za ta murƙushe shi, yatsun ƙafa suna kallon fuskarta, ta ƙirga biyar zuwa goma a hankali ta saki, sau 10. Sai ta lanƙwashe ɗaya ƙafar, ta ɗaga mai ciwon a miƙe sambal kamar taƙi ɗaya ko biyu daga katifa, ta riƙe kaɗan, ta sauke a hankali, kar ta yar da ita, a saukewar nan aikin yake. Sai ta ja dunduniya zuwa mazaunai ta mayar, don gwiwar kar ta ƙage. In ta zauna a kujera ta miƙar da ƙafar gaba ta riƙe ta sauke. Amma uwar su duka, wadda in ita kaɗai za ta yi na yarda, ita ce tashi daga kujera a zauna. Kujera mai tauri mai ɗan tsayi a jingine da bango, ba kushin ɗin falo da yake haɗiye mutum ba. Ta matso bakin kujerar, ƙafafu a ɗan ja baya, ta sunkuyo gaba har hancinta ya zo saitin yatsun ƙafa, ta miƙe. Da farko ta dafa da hannu biyu ba komai, bayan sati biyu hannu ɗaya, wata rana babu hannu. Safe da yamma, duka bai fi minti 15 ba.

Kuma ga wata dabara da nake yi wa iyayenmu mata tana ci. Sallah a kujera ga wanda ya kasa ba wanda ya ce laifi ne, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, a yi a tsaye in an kasa a zaune in an kasa a kishingiɗe. Sai dai da yawa daga an ba su kujera sai su zauna tun daga kabbarar harama har sallama, alhali sujada da zaman tahiya a ƙasa ne suke gagararsu, tsayuwa suna iyawa. Ki tambayar mata malamin da ta yarda da shi, za ki ji ya ce in tana iya tsayuwa ta tsaya, sai a wurin sujada ta zauna. Raka’a 17 ce a farilla kullum, kinga ta samu tashi da zama ba tare da kin ce mata “motsa jiki” ta harare ki ba.

Zai yi ciwo? Zai yi, musamman satin farko da na biyu, kuma a nan mutane suke guduwa. Ma’aunin shi ne, ciwon da za ta iya jurewa tana hira, wanda zuwa washegari ya koma yadda yake da, wannan ba ɓarna yake yi ba. In kuwa ta kwana ta tashi gwiwar ta fi kumbura ko ciwon ya wuce awa 24 bai lafa ba, an yi yawa, a rage adadin, ba a daina ba. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da gwiwar take yi ma ba karyewa take ba. In ta tashi da safe gwiwar a sandare, tsumma da ruwan ɗumi, ɗumi na ce ba tafasasshe irin na wankan jego ba. In ta kumbura bayan tafiya, ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15. Kuma ki sa a ranki sati 6 zuwa 12 ake yi kafin a ga canji na gaske, zuwa uku da kuka yi ko gaisawa ba a gama ba.

Haɗin kemis ɗin nan kuwa shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, ki ɗauko ƙullin yau ɗin nan ki kai wa likitanta ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya faɗa miki mene ne a ciki. Yawanci za ki samu diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokacin biyu a haɗe wanda bai kamata ba sam, sannan a jefa ’yar ƙaramar ƙwayar nan dexamethasone ko prednisolone. Na farkon suna cin ciki har su kawo gyambon ciki mai zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini, Umma kuma tana da shi. Ta biyun ita ce take sa a ji kamar an cire ƙaya kwana biyu, amma tana kawo suga, tana ƙara hawan jini, tana rarake ƙashi. Akwai wata baiwar Allah da aka taɓa kawo min, ’yarta tana ta murna wai tunda aka fara haɗin Mama ta yi ƙiba ta yi kyau, na kalli fuskar ta yi zagaye fam kamar faranti, hannaye da ƙafafu kuma sirara, fatar hannunta duk tabon jini ya kwanta, da aka auna suga ranar ba gashi aka yi ba gado aka ba ta. In ya tabbata akwai irin wannan ƙwayar a haɗin Umma kuma ta daɗe tana sha, kar ku yanke mata rana ɗaya, yana da haɗari, likita ne zai dinga rage mata kaɗan-kaɗan. Ki kuma tambaye ta ko tana ganin bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, in eh to asibiti yau ba gobe ba. Ga gwiwa, diclofenac na shafawa ya fi na sha aminci nesa ba kusa ba, ku tambayi likita a kansa.

Maganar Yaya ta allura ba shirme ba ce gaba ɗaya. Akwai allurar da likitan ƙashi yake yi a cikin gaɓar, tana kwantar da ciwo da kumburi na ’yan makonni, kuma tana da amfani in ciwo ya hana mutum ko fara motsa jikin, ko in tafiyar ta matso. Amma ba ta mayar da guringuntsi, ba a yawaita ta, kuma a asibiti ake yi da tsabta sosai, ba “a nemo mai yi” ya zo da jaka ya soka a tsakar gida ba, ƙwayar cuta in ta shiga cikin gaɓa kwana kaɗan take lalata ta. Shi ya sa ma ƙaho da tsaga a kan gwiwar ban yarda ba ko kaɗan, garin gyaran gira kar a rasa ido. Maƙociya ku yi mata godiya kawai. Aikin canjin gwiwa kuma ana yi, a nan asibitin ƙashi na Dala ma ana yi, amma na wanda ya yi duk waɗannan wata da watanni ciwo ya hana shi barci da rayuwa ne, kuma ko an yi ɗin sai an dawo hannunmu an ɗaga ƙafar nan dai da Umma ta raina.

Nauyi. Nasan da wuya ’ya ta kalli uwa ta ce ki rage ƙiba, kar ma ki faɗa da wannan lafazin. Amma ki san lissafin, in mutum yana tafiya gwiwarsa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyinsa, kuma duk kilo 1 da ya sauka kamar an sauke wa gwiwa kilo 4 ne a kowane taku. In tana kilo 90 ta sauke ko 5 zuwa 9 za ta ji a jikinta. Ba yunwa za ku sa mata ba, ke da kike girki ke za ki yi aikin shiru, lemon kwalba ya bar gidan, sukarin shayi da na koko da na fura ya koma rabi, malmala biyu ta koma ɗaya miya da ganye su ƙaru, wake, zogale, rama, kifi in an samu. Kowa a gidan ya ci irin wannan don kar ta ga an ware ta.

A cikin gida ku ɗaga mata abubuwa sama. Masai na tsuguno yana azabtar da irin gwiwar nan, in ba halin canzawa akwai kujerar da ake ɗorawa a kai. Kujera ’yar tsuguno ta tsakar gida a canza mata da mai tsayi ta ci gaba da tsince shinkafarta da gyaran kayan miya, kar ku ƙwace mata aikinta. Takalmi mai taushin ƙasa wanda ya kama ƙafa, ba silifas da ya siɗe ba. In za ta riƙe sanda a hannun hagu za ta riƙe tunda dama ce mai ciwon, mutane da yawa suna juya wannan. Matakala kuma in za a hau lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za a sauko mai ciwon ce gaba.

Abin da ba a jira da shi, in gwiwar ta kumbura lokaci ɗaya ta yi zafi rau ga zazzaɓi, ko ta faɗi ta kasa taka ƙafar, ko gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko sha-raɓarta ta kumbura tana ciwo musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi. Waɗannan ba na tawul da ruwan ɗumi ba ne.

Hajji kuma, ai shi ne makaminki. Kar ki ce mata likita ya ce, ki ce Umma ɗawafi zagaye bakwai ne, Safa da Marwa kai da kawowa kusan kilomita 3 ne a kan dutse mai tauri, ban da tafiyar Mina zuwa wurin jifa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wata bakwai lokaci ne mai yawa wallahi. Ku fara da minti 5 a tsakar gida ko ƙofar gida bayan asuba ko bayan la’asar in rana ta yi sanyi, duk sati a ƙara minti biyu ko uku, kafin tashi in ta kai minti 30 ba tsayawa kin gama mata gata. In ma an je ƙafar ta gaza akwai keken turawa a Harami kuma ɗawafinta ya yi, Ummu Salama da ba ta da lafiya a kan abin hawa aka ce ta yi nata, ki gaya mata wannan don hankalinta ya kwanta, amma ki bar shi a matsayin na ko-ta-kwana. Shi kuma Yaya ki tura masa wannan amsar ya karanta da kansa, kuɗin da zai ba mai allura ya saya mata kujerar banɗaki da takalmi mai kyau, ya kuma ɗauki nauyin adaidaitar zuwa asibiti sau biyu a wata.

Gobe da safe ki ajiye butar a inda take da, ki tsaya kusa da ita ta taka ta je da kanta. Sannan ki zaunar da ita a kujerar nan mai tauri ki duba agogon waya, ki ƙirga sau nawa za ta tashi ta zauna cikin daƙiƙa 30, ko da dafawa ne, ki rubuta a bayan kalanda da kwanan wata. Bayan sati shida ki sake ƙirgawa ki turo min lambobin biyu, da sunan ƙwayoyin da aka samu a ƙullin nan. Ki gaishe min da Umma da jiki.